Rigar Sharu Harisu Mai Aljihu Biyu

Duk wanda ya ce babu mai kyauta a ƙasar Gadarif ta Sudan, bai taɓa shan shayi a rumfar Sharu Harisu ba. Mutanen unguwarsa ma ba su taɓa sha ba, amma sun sha jin ƙamshinsa daga bakin hanya, kuma kowa ya shaida shayi ne mai kyau.

Bawan Allah ne da aka yi wa baiwar murya. In ya yi gyaran murya a kasuwar riɗi, sai dillalai su ɗaga kai su dubi gabas, su zaci ruwa ne ya taso daga Habasha. Shi ya sa aka laƙaba masa Hadarin Kaka. Ya ji daɗin sunan har ya sa aka rubuta shi a jikin taraktarsa, don ba a samu mai ƙarfin halin da zai tuna masa cewa hadarin kaka rugugi ne kawai, ba ya jiƙa ko hular mutum.

Kakansa da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa za shi Makka, guzuri ya ƙare masa a nan, ya zauna yana yankan dawa. Sharu ba ya son wannan babin. A bakinsa, kakan ya tsaya ne ya duba ko ƙasar za ta ishi jikansa. Da gwamnati ta fara rabon manyan gonakin inji a Simsim, Sharu ya yi wa wani tajiri wakilci har ya samu tasa gonar, wadda ido ba ya ganin ƙarshenta. Sannan ya sayi tarakta ja, tsohuwar hannu, ya raɗa mata suna Arusa, wato amarya. Uwar 'ya'yansa ba ta taɓa samun irin shafar da Arusa ke samu da safe ba.

In damina ta kawo kai, masu 'yan gonakin bayan gari sukan zo su durƙusa, su roƙi Arusa ta zaga musu ko na wuni guda. Sharu bai taɓa hana kowa ba, wannan kam a yi masa adalci. Yakan dafa kafaɗar mutum ya ce, “Bukra, in sha Allah.” Wato gobe. Akwai tsofaffin da suka mutu suna jiran goben nan.

Ana nan sai iska ta kwashe rufin ɗakin shan magani na unguwa. Dattawa suka zauna za a yi karo-karo, kowa ya kawo abin da ya samu. Sharu ya ji kunyar wannan ƙauyanci.

“Ya jama'a,” in ji shi, “har yaushe za mu riƙa yawo da ƙoƙo? A Hartum yanasib ake yi. A sayar da tikiti, a ja ƙuri'a, mai rabo ya ci kyauta, kuɗin ya tafi rufi. Zan gayyato mufattishin gona da kansa, babban jami'in nan mai duba gonaki, ya ga yadda wayayyu ke taimako.”

Liman ya ce abin yana masa ƙamshin caca. Sharu ya ce ƙuri'ar alheri ce. Da suka keɓe da surukinsa Ɗahiru, wanda zai ja ƙuri'ar, ya ƙara masa fatawa: “Caca ai ita ce wadda ba a san mai ci ba. Tamu halas ce tsantsa.”

'Yan kasuwa suka kawo gudummawa. Akwai na manya: batirin mota, kayan aski, gwangwanin taba na zubawa a leɓe, garwar maganin ƙwarin riɗi, da wata baƙar kwalba da Sharu ya sa aka kawo daga Fashaga, ta gyaran ƙarfin magidanta. Akwai kuma na yara: alawa, usur, 'yar tsana, takalmin roba mai fure. Amma aka rasa babbar kyauta, wadda za ta sa mutane su zaro kuɗi. Nan Hadarin Kaka ya miƙe ya yi rugugin rayuwarsa.

“Na ba da Arusa. Ita da direbanta da manta, duk makon farko na shuka, ga wanda Allah ya ciyar.”

Wanda bai san baƙar ƙasar Gadarif ba ba zai gane nauyin maganar nan ba. In ruwa ya sauka laka ce, ko jaki ba ya shiga. In ta ɗan sha iska, 'yan kwanaki ne a hannunka tarakta ta ja faifan garma ta zuba iri, kafin wani ruwan ya rufe hanya. Wanda ya rasa makon nan, ciyawa zai girba. Ba da Arusa a makon shuka daidai yake da mutum ya ba da idonsa aro ranar kallon wata. Tikiti ya ƙare ƙaf kafin Juma'a.

Sharu kuwa barcinsa yake yi har da minshari, don ya san abin da ya shuka. Ya sayi damin tikiti biyu. Dami ɗaya na manya ne, shi da mufattish da manyan baƙi. Lambobinsa Ɗahiru ya manna su da ƙaro a ƙarƙashin leɓen garwar ƙuri'a, inda yatsa zai lalubo su in an zo manyan kyaututtuka. A cikinsa akwai tikitin Arusa, wanda Sharu ya lanƙwashe wa kunne don ya gane abinsa. Ɗaya damin na 'ya'yan talakawa ne, zai raba musu a gaban baƙi, an jera lambobinsu a sama-sama don su ci alawa da usur a tafa masa. Sauran jama'a da suka saya da guminsu, ladansu yana lahira.

To, ga inda gizo ya yi saƙar. Sharu jallabiyar Ansar yake sawa, irin wadda ba ta da gaba ba ta da baya, aljihu a ƙirji, aljihu a gadon baya. An ce mutanen da sun ɗinka ta haka ne don in an yi kiran gaggawa mutum ya zura kawai ya fita. Sharu ba gaggawar kowa yake yi ba, ya dai ga manyan tajirai na sawa. Ranar ƙuri'a ya sa damin yara a aljihun gaba, na manya a na baya. Ya ci abincin rana ya yi nak, ya tuɓe rigar ya rataye a ƙusa, ya kishingiɗa. Bai farka ba sai da ƙahon motar mufattish. Ya zabura ya zura riga yadda kakanni suka tsara, bai duba gaba ko baya ba, ya fita yana naɗa rawani a hanya.

Fili ya cika. An jera kujeru a inuwa, an ɗaura wa Arusa jan ƙyalle a wuya. Sharu ya karɓi lasifika, ko da yake lasifikar ce ke bukatarsa.

“Ya sa'adatal mufattish, ya jama'a. Ni ba na son a yabe ni. Hannun dama in ya bayar, na hagu bai kamata ya sani ba. Mai hoto, matso nan. Yaran nan da iyayensu ba su da halin tikiti, yau ni ne ubansu.”

Ya zura hannu a aljihun ƙirji ya yi ta rabo, yana shafa kawuna, yana goge hannun a riga. Sannan ya lanƙwasa hannu baya, ya zaro ɗaya damin, ya bi manyan baƙi da ladabi. Ya duba na hannunsa yana neman mai lanƙwasasshen kunne. Babu. Ya sake dubawa. Ya ɗaga ido, sai ga shi can a hannun Jummare, 'yar shekara biyar, jikar Hajo mai tuyar ƙosai. Tana tsotsar gefensa.

Ya taka da murmushin da bai kai ido ba. “'Yata, naki ya jiƙe. Kawo in sauya miki sabo.”

Jummare ta dunƙule hannu ta buɗe baki za ta tsala ihu. Mufattish ya ce, “Ma sha Allah, dubi yadda yake lallashin marayu.” Mai hoto ya ɗauka. Sharu ya koma kujerarsa yana ƙifta wa Ɗahiru ido kamar wanda ƙwaro ya faɗa wa. Ɗahiru ya gyaɗa kai, wato ya gane, komai na tafiya yadda aka tsara.

Aka fara da ƙananan kyaututtuka. Mufattishin gona, mai digiri daga Hartum, ya ci 'yar tsana. Ya riƙe ta a ƙafa ɗaya kamar an ba shi mataccen ɓera. Wani tajirin dawa ya ci alawa mai tsinke. Sharu da kansa ya ci usur, ya sake cin takalmin roba mai fure, wanda ko babban yatsansa ba zai shiga ba.

Sai yatsan Ɗahiru ya koma ƙarƙashin leɓen garwa. Kayan aski suka faɗa wa jaririn da ke goye, ko haƙori bai fitar ba. Wata yarinya ta ci gwangwanin taba, ta buɗe ta shaƙa, ta yi ta atishawa har ɗankwalinta ya faɗi. Tagwaye suka ci batirin mota, suka kasa ɗagawa, suka zauna a kai suna faɗan wa ya fi wuri. Wanda ya ci maganin ƙwari, uwarsa ta tsallake layi uku ta fizge garwar kafin ya gama kwance murfi, tana yi wa masu shirya ƙuri'ar addu'ar da ba a amsawa da amin.

Baƙar kwalba ta faɗa wa Ɗanliti, ɗan shekara shida. Ya ɗaga ta sama. “Inna, maganin mene ne?”

Ɗahiru mutum ne mai son a san ya iya karatu. Ya karɓa ya karanta takardar jikinta a lasifika, tun daga sama har ƙasa, bai tsallake komai ba, har da inda mai maganin ya rubuta da hannu cewa haɗi na musamman ne ga Sharu Harisu, a sha cokali biyu saboda abin ya daɗe. Mata suka ja mayafi suka rufe baki. Liman ya sami abin kallo a tafin hannunsa.

Da aka zo kan Arusa, Sharu ya miƙe zai ce a ɗage saboda la'asar ta yi. Ɗahiru ya riga shi kiran lamba. Hajo ta ɓamɓare hannun jikarta, aka miƙa wa mufattish tikitin da yawu a jikinsa. Ya duba, ya ɗauki Jummare ya ɗora ta a kujerar tarakta, ya ce a duk yawonsa bai taɓa ganin karimci irin na Sharu ba, kuma zai dawo makon shuka ya gani da idonsa. Aka yi ta tafi. Hadarin Kaka ya zubar da ruwa a karon farko, ta goshi.

Ruwa ya sauka, ƙasa ta sha iska. Gonar Hajo kuwa, in Arusa ta shiga da kai, gindinta na waje. Kafin hantsi an gama. Sai Hajo ta ce tunda mako ne, a bi maƙwabta. Arusa ta shiga gonakin da aka yi wa alkawarin gobe tun tana sabuwar zuwa, Jummare na zaune kusa da direba, yaran unguwa na bin su a guje. A Simsim kuwa ciyawa ta fara leƙo kai tana gaida gonar Sharu.

Ya nemi hayar wata tarakta, amma wa zai ba da ido ranar kallon wata? Da ya ga gabas ta sake yin baƙi, ya wanke ƙafa ya tafi gidan Hajo, gidan da bai taɓa sanin launin ƙofarsa ba. Ya yi sallama da ƙaramar murya.

“Inna Hajo, an wuni lafiya? Dama kan maganar Arusa ne. Ko kwana biyu a sakar mini.”

Hajo ba ta ɗaga kai daga kaskonta ba. “Sharu, ni 'yar rakiya ce. Ga mai tarakta can, ka yi magana da ita.”

Jummare na zaune a kan turmi tana cin ƙosai. Sharu ya tattare jallabiya ya durƙusa a gabanta. Ya zaro usur daga aljihun gaba, ya zaro takalmi mai fure daga na baya, ya ajiye. Ya yi mata bayanin damina da iri da ciyawa, ya kira ta Hajiya har sau biyu.

Yarinya ta sa takalmi, ya yi mata daidai. Ta busa usur, ya yi ƙara. Sannan ta miƙa hannunta mai maiƙo ta dafa kafaɗar farar rigarsa, yadda ta sha gani ana yi wa kakarta, ta ce:

“Bukra, in sha Allah.”