Ranar da Ustaz Bahgat Ya Ja Gaban Amarya

Duk faɗin Iskandariyya, daga Bahari har Mandara, ba a taɓa haihuwar gwanin babur kamar Ustaz Bahgat Sallam ba. Shi da kansa ya shaida mana haka, kuma wa ya fi shi sanin kansa? Shekararsa arba'in da shida, shi ne shugaban sashen haɗurra a wani kamfanin inshora. Kwanansa tara da karɓar lasin tuƙi ya shiga shagon babura, ya nuna wanda ya fi kowanne ƙarfi, ja wur, ƙirar Italiya, irin wanda ake tsere da shi, ya ce a kai masa gida.

Mai shagon yana da sauran tsoron Allah. Ya ce cikin girmamawa, "Basha, ko dai za ka fara da ƙarami tukuna? Wannan ba ya yafe kuskure."

Ustaz Bahgat ya ce, "Ƙarami ai na masu kai wa mutane abinci gida ne. Ni ka ganni nan, da sauri aka halicce ni. Tun ina firamare nake riga kowa fita aji."

Lasin ma da girmansa ya same shi. A wurin gwaji, ana sa mutum ya ratsa tsakanin robobi a hankali ba tare da ya dire ƙafa ba. Ustaz Bahgat ya leƙa ya ga samari suna rarrafe a kan babura, ya ga wannan ai raini ne ga mai muƙami. Ya san wani da ya san wani, aka sha shayi, lasi ya fito. "Tafiya a hankali har sai an koya?" in ji shi. "Kakata ma ta iya."

A bayan akori-kura aka kawo babur ɗin unguwar Bakos. Tun daga ranar matasa suka raɗa masa suna Guguwar Bakos, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu. Kullum da la'asar sai Guguwa ta sako rigar fata da wandon fata, a tsakiyar Agusta, ta turo babur da hannu taku ɗari biyu zuwa gidan shayi, domin inji sabo ba a matsa masa. Can zai zauna, hular kwano a kan tebur, gumi na tsiyaya ta hannun riga, yana yi wa masu shan shisha bayanin yadda ake kwanciya a kwana. Safiyar Juma'a kaɗai, lokacin da titin bakin teku yake fayau, yake hawa da gaske. A miƙe kam ba laifi, yana tafiya. In zai juyo gida sai ya sauka, ya duba hagu da dama, ya juya shi da hannu.

Matarsa, Madam Nagwa, ta taɓa cewa, "Baban Hazem, ƙafarka fa ba ta kai ƙasa."

Ya ce, "Wanda ya hau wannan ba shi da sauran hulɗa da ƙasa, Nagwa."

To, a ofis akwai kujerar mataimakin manaja da ta yi wata biyu babu kowa, kuma Ustaz Bahgat ya shekara goma sha ɗaya yana mafarkinta. Mutum biyu ake zance: shi, da Ustaz Milad, wani shiru-shiru mai zuwa aiki a tarago da gurasarsa da wake a ƙunshe cikin jarida. Manaja, Safwat Bey, ya ce zai yanke hukunci da zarar ya gama hidimar bikin 'yarsa Dalia. Ustaz Bahgat ya ga ƙofa ta buɗe, ya shiga ofishin manaja da hular kwano a hammata.

"Yallaɓai, 'yar babban mutum ba ta bin bayan motar da aka yi wa ado da furanni kawai. Ni zan ja gaban jerin motocin amarya da kaina. Garin nan zai ji rugugin da bai taɓa ji ba. Wanda ya iya riƙe inji mai ƙarfin doki ɗari biyu a tsakanin cinyoyinsa, riƙe ma'aikata talatin ba zai gagare shi ba. Wannan fa ba don komai na faɗa ba."

Safwat Bey yana son a ce bikinsa ya fi na kowa. Ya amince.

Abu ɗaya ne Guguwa ba ta tuna ba, alhali a garin aka haife ta: jerin amarya ba ya gudu. Rarrafe yake yi, don kowa ya kalla ya ƙoshi. Ranar Alhamis da la'asar sakaliya, mota goma sha huɗu suka hau titin bakin teku, ana busa ham, mata na guɗa ta taga, samari sun zauna a kan ƙofofi suna tafi. A gaba ga jarumi a kan abin da aka ƙera don ya wuce jirgin ƙasa, ana so ya yi tafiyar mai tallan masara.

Kafin a kai unguwar Kilobatra babur ya mutu sau biyu. In ya saki kuloci da sauri abin ya zabura, in ya damƙe birki ya mace. Inji ya ɗauki zafi yana gasa masa cinyoyi ta cikin fata. A Sidi Gabir ya mutu na uku, ya yi minti guda cur yana laluben abin tayarwa. Ham ɗin da ke bayansa ya tashi daga na murna ya koma na zagi, amma a cikin hular kwano duk ɗaya ne. Ustaz Bahgat ya ɗaga hannu ya gaida masoyansa, saura ƙiris ya tafi ƙasa.

Da kyar da jiɓin goshi aka iso gadar Istanli, inda kowace amarya ke sauka a yi mata hoto da teku a bayanta. Ustaz Bahgat ya ga bai kamata hoto ya fita babu shi ba. Ya ja da baya da 'yan yatsun ƙafa har ya daidaita da ƙofar motar amarya. Dalia ta fito, doguwar jelar farar rigarta ta bazu a kan kwalta, goggonta na watsa gishiri don maganin baki. Jarumi ya tsaya cak, ya cire hula da hannu biyu don a ga fuskarsa, ya manta bai sauke ƙafar babur ba.

Faɗuwa ce mai natsuwa, ta manya. Babur ya karkata a hankali, ya goge ƙofar motar amarya, wadda ta Safwat Bey ce, daga sama har ƙasa, ya kwanta a kan jelar rigar amarya. Salansa mai zafi ta samu leshi. Ƙauri ya tashi, guɗa ta tsinke a tsakiya. Amarya ta ja, rigar ta ƙi, ta fashe da kuka. Sai da ango da direbobi biyu suka taru suka ɗaga babur ɗin, sannan suka zaro mai shi. A jikin rigar an sami ƙuna baƙa ƙirin, faɗin faranti.

Ustaz Bahgat ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Yallaɓai, gadar nan a karkace take, na daɗe ina faɗa. Ba don ƙwarewa ba, da yanzu wani zancen ake. Da gangan na kwantar da shi."

Safwat Bey ya dube shi, ya dubi 'yarsa, ya ce, "Sai Lahadi, Ustaz Bahgat."

Ranar Lahadi, ranar komawa aiki a garin, an riga an liƙa suna a ƙofar ofishin mataimakin manaja, kuma Ustaz Milad na ciki yana ninke jaridar gurasarsa. Motar manaja a kamfanin take da inshora, saboda haka dole shugaban sashen haɗurra ya cika takardar rahoto da hannunsa, ya kai wa sabon mataimaki ya sa hannu. Ya cika, ya kai. Ustaz Milad ya karanta a tsanake, ya turo masa ita.

"Ka yi haƙuri, Ustaz Bahgat, ka tsallake gurbi ɗaya. Ga shi nan: gudun abin hawa a lokacin haɗari."

Ustaz Bahgat ya riƙe biro ya daɗe. Zuciyarsa ta ce ya rubuta sittin, ko da arba'in ne ma a rufa asiri. Sai ya tuna wayoyi nawa ne suka ɗauki abin a kan gada. Ya sunkuya ya zana sifili, ƙarami ƙwarai. Ustaz Milad ya gyara tabarau, ya duba, ya buga hatimi.

Da la'asar Guguwa ta zo gidan shayi a ƙasa, cikin riga mai gajeren hannu, ta sanar da jama'a cewa a duk tarihin kamfanin ba a taɓa rubuta haɗari irin nata ba. Wannan kam gaskiya ta faɗa.