Rasuwar Mai Doro, Talabijin ɗin Gidan Kallon Almu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Malam Almu mai gidan kallo na bakin kasuwar 'Yankara yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Faskari da Daudawa da Ƙanƙara, da mutanen Sabuwa, musamman ma mutanen Sabuwa, rasuwar talabijin ɗinsa wadda kowa ya sani da Mai Doro. Ta cika ranar kasuwar da ta wuce, tsakanin azahar da la'asar, a kan teburinta, a gaban mutum sama da sittin. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya tsaya ya ga ƙarshenta.

Ba a san ainihin shekarun marigayiyar ba, domin da girmanta ta zo. Almu ya sayo ta a Funtuwa shekara goma sha bakwai da suka wuce, ta hannu, ya naɗe ta da bargo ya goyo ta a bayan mashin har gida. Tun daga ranar ba ta taɓa kwana a wani wuri ba. Mai natsuwa ce. In an kunna ta ba ta rawar kai, sai ta ce "tum", ta yi shiru kamar mai nazari, sannan hoto ya buɗe a hankali. Ta sha wutar janareta mai hawa da sauka ba ta yi ƙorafi ba. Ta sha mari a gefen dama duk sa'ad da hoto ya yi rawa, ta kuma gyara ba tare da riƙo ba. Ta nuna wa magoya bayan ƙungiyoyi ƙwallo shekara da shekaru, aka zage ta don an ci wannan, aka zage ta don ba a ci wancan ba, ita kuwa ba ta taɓa ɗaukar ɓangare ba. Da aka shigo da talabijin masu siririn jiki da ake maƙalawa a bango, mutane suka fara yi wa doronta dariya, ta ci gaba da aikinta.

Ta rasu ta bar rimot ɗaya da ba shi da murfi, wanda ake ɗaure batirinsa da kyauro, da difidi, da janareta, da benci tara, da fanka wadda ta tsaya a bayanta tana yi mata fifita har numfashin ƙarshe. Ta kuma bar Almu, wanda shi ya jawo wannan sanarwa ta yi tsawo.

Ciwonta ya fara ne a ƙarshen damina. Da farko jan launi ne ya ɗauke, komai ya koma kore. Sai fuskoki suka fara miƙewa, kan mutum ya yi tsawon tulu. In ta yi rabin awa a kunne sai ta yi zafi, ta fara nishi, "uuuum, uuuum", hoto ya ɗauke ya dawo, sannan wani ƙauri na ƙonanniyar waya ya taso daga bayanta.

A cikin satin nan ne Almu ya karɓo wani fim wurin masu tura fina-finai a kasuwa. Fim ne na wasu halittu da suke saukowa daga sararin samaniya suna ɗauke mutane, cikin wani yare da ba wanda ya san ko na ina ne, kuma ba fassara. Almu ya fara kallonsa shi kaɗai a wayarsa, ya yi dariya har da hawaye. Halittun ba wasu ba ne illa ƙarti uku da suka kifa bokitan roba a ka, suka sa safar hannu. Jirginsu murfin tukunya ne, ana ganin zaren da aka rataye shi. An yi fim ɗin da rana tsaka a bayan gidan wani, har akwai wurin da shanyar kaya ta fito. Ranar da ya saka shi a gidan kallo, don babu ƙwallo ne kawai, ya ce bari jama'a su ɗan yi dariya.

Ba wanda ya yi dariya. A jikin Mai Doro rana tsaka ta koma wani koren duhu, zaren ya ɓace, bokitan suka miƙe suka zama kawunan da ba a taɓa gani ba. Kuma an yi rashin sa'a, ko sa'a, jirgin yana sauka ne daidai rabin awa da fara fim. Yana taɓa ƙasa marigayiya ta soma nishi, ɗakin ya cika da ƙauri. Mutanen benci na gaba suka koma na baya. Kafin la'asar 'Yankara ta raɗa wa fim ɗin suna Masu Saukowa, washegari kuwa har daga Daudawa aka zo a tsaye.

Iyalan mamaciya suna ganin ya dace a rubuta ra'ayoyin jama'a yadda aka faɗe su, domin duk yabon nata ne, wasu aka bai wa. Malam Salahuddeen na firamare ya ce wanda ya shirya fim ɗin ba ƙaramin mai ilimi ba ne, koren nan damina yake nufi, halittun kuma fari ne masu cinye gona. Suwaibatu mai awara, wadda take suya a jikin bangon gidan kallo ba ta taɓa leƙawa ba, ta ce, "Ni ban ga komi ba, amma kukan nan da nike ji ta bango, na abin da ke shan wahala ne." Ita kaɗai ta faɗi daidai, ba ta kuma sani ba. Wani manomi daga Daudawa, wanda ya kalla sau huɗu, ya ce a shekarun nan da ake ciki wannan ne kaɗai tsoron da yake iya tashi ya bar shi a kan benci ya tafi gida. Almu ya ji wannan magana, ya riƙe ta, ya yi ta ba kansa haƙuri da ita.

Sai Baba Gide, tsohon ma'aunin hatsi na kasuwar 'Yankara. Shekara arba'in yana awo ba a taɓa kama tiyarsa da tauye ba, ba a kuma taɓa jin ƙarya a bakinsa ba. In Baba Gide ya ce abu ya faru, ba a neman shaida ta biyu. Ya fito daga kallon yana share fuska da hula, ya ce, "Wanga fim har wari gare shi. Da hancina na ji. Duk sa'adda jirginsu zai sauka sai warin ya riga shi isowa."

Maganar ta kai Sabuwa. Zailani, ɗan Sabuwa mai sayen masara da yake zuwa kowace kasuwa, yana da fim ɗin a wayarsa. Ya tsaya a rumfar hatsi ta 'Yankara a gaban jama'a ya ce, "Haba Baba, bokiti ne hwa! Bokiti! Ga shi nan ku duba. Ina aka taɓa jin fim da wari, sai ka ce daddawa?" Aka duba wayar, aka ga bokiti, aka kuma yanke hukunci nan take cewa na Zailani jabu ne, an cire masa tsoron. Duka suka juya suka kalli Almu a matsayin mai sana'a. Almu ya gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kai shi ne laifinsa na farko, kuma ya san laifi ne tun kafin wuyansa ya gama motsi.

Laifi na biyu ya fi muni. Abdulkarim mai gyaran talabijin na Ƙanƙara ya biyo ta 'Yankara, ya shiga ya saurari nishin, ya shinshina, ya ce a kashe ta yanzu a kai masa shago, abu ne ƙarami in an yi sauri, kwana biyu ta dawo da launinta. Almu ya ce to. Amma ya san in Mai Doro ta warke, Masu Saukowa sun mutu. Ya san bokitan za su fito fili, Baba Gide zai ji kunya, shi kuma wanda ake nunawa da yatsa a Faskari ana cewa ga mai asalin kwafin, zai koma Almu kawai. Sai ya sayo mata sabuwar fanka maimakon ya kai ta asibiti. Daga nuni ɗaya a rana ya mayar uku, don tun da zamani ya canza kafin magariba ake rufe gida. Kwana goma sha tara tana nishi ana tafa wa wasu. Yakan tsaya a bakin ƙofa yana jin "uuuum" ɗin nan, yana kallon waje.

Ranar ajali Zailani ya zo da mutum goma sha biyu daga Sabuwa don a raba gardama. Aka ba su benci na gaba. Baba Gide ya zauna a gefe da sandarsa. Tun da aka kunna ta ba ta ce "tum" ba, wani ɗan "ƙi-ƙi-ƙi" ta yi, kamar mai neman a ƙyale ta. Almu ya ji. Ya ɗaga hannu ya ba ta marin da ta saba, hoto ya kawo. Ta yi haƙuri ta ja har rabin awa. Jirgin ya fara saukowa, nishin ya hau inda bai taɓa kaiwa ba, kawunan suka miƙe har saman gilashi, sai ta ce "fau!" Wuta ta yi tartsatsi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe daga doronta, allon ya tattare ya zama ɗigon haske guda ya mutu. Mutum sittin suka nufi ƙofa ɗaya. Zailani ya bar takalmi, ya kuma bar fatar gwiwarsa a dokin ƙofa.

Da ƙura ta lafa, Zailani ya ɗingiso har gaban Baba Gide, ya durƙusa a kan gwiwar da take jini, ya ce, "Baba, ka yahe mani. Na ji warin, na ga hayaƙin. Nawa ne jabu." Baba Gide ya dafa kansa ya ce ba komai. Jama'a suka yi kabbara. Almu yana ciki shi kaɗai, ya ɗora tafinsa a kan doron nan yana jin zafin yana raguwa.

Da ya so, da shi ke nan. Mai shaida ɗaya ce, ta kuma tafi da bakinta. 'Yankara ta yi nasara, sunansa ya kai Ƙanƙara. To amma kwana shida ke nan tuwo ba ya wuce masa. Saboda haka, a madadin marigayiya wadda ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya ba sai da aka sa ta, Almu yake shaida wa duniya cewa fim ɗin da yake wayar Zailani da wanda aka nuna a gidansa duk ɗaya ne. Bokiti ne. Koren ciwo ne, kukan nata ne, warin kuma hanjinta ne yake ƙonewa. Zailani ya durƙusa ya nemi gafara a kan gaskiya. Baba Gide bai yi ƙarya ba, abin da hancinsa ya ji ya faɗa, Almu ne ya bar shi ya sa mutuncin shekara arba'in a kan murfin tukunya. Ita kuwa Mai Doro ba tsufa ne ya kashe ta ba.

Game da jana'iza, ba za a sayar da ita ga 'yan gwangwan ba, don haka kada su wahalar da kansu. Ranar Asabar da hantsi za a ɗauke ta zuwa shagon Abdulkarim a Ƙanƙara, inda zai buɗe ta a gaban duk mai son gani, ya cire abin da ya rage mai rai a raba wa marasa lafiya irinta. Za a zauna karɓar gaisuwa a gidan kallo kwana uku. Rana ta uku bayan azahar za a jingina wayar Zailani a kan teburin marigayiya a nuna fim ɗin yadda masu shi suka yi shi. Shiga kyauta ne. Almu zai zauna a benci na gaba ba hula, mai magana ya zo da maganarsa.

Roƙo na ƙarshe daga iyalai: Baba Gide ba ya karatun boko, kuma har yanzu bai sani ba. Don Allah duk wanda ya karanta wannan kada ya riga Almu zuwa wurinsa. Sau biyu yana kaiwa ƙofar gidan yana juyowa. Gobe da safe zai sake zuwa, ya ce wannan karon zai yi sallama.