Yadda Za Ka Sa Masaniyar Taurari Ta Roƙe Ka Ka Ƙara Ƙarya

Kai mai shirya wasan sararin samaniya a talabijin, matso kusa, na san abin da ke damun ka. Ka gina jirginka da katako da fenti, ka samo jarumi mai faɗin kafaɗa, sai masu gidan talabijin suka rataya maka alaƙaƙai: wai dole ka ɗauki masanin kimiyya ya riƙa duba labarin, kada 'yan jarida su yi muku dariya. Kwantar da hankalinka. Wannan hanya an gwada ta a nan birnin Santiago, a shirin "Magadan Zuhal". Darakta Don Baldomero Cisternas ne ya gwada ta a kan Dokta Maritza Oyarzún, mace mai taurin kai da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana leƙen taurari a hamadar arewa. Bi matakan nan yadda suke, na yi maka alkawari masanin da bakinsa zai kira ka yana roƙon a ƙara ƙarya.

Mataki na 1: Ɗauko mai abin rasawa

Kada ka kuskura ka ɗauko tsohon farfesan da ya riga ya yi suna, wannan ranar farko zai zage ka ya tafi. Nemo wanda sunansa ne kaɗai jarinsa, kuma ka tabbata yana da uwa.

Maritza ba don kuɗi ta karɓi aikin ba. Mahaifiyarta, Doña Clorinda, tsohuwa ce a unguwar Quinta Normal, kunnenta na dama ya daɗe da mutuwa, na hagu kuma sai da 'yar na'urar ƙara ji, likita ma ya ce shi ɗin yana hanya. Ba ta taɓa gane aikin 'yarta ba. In maƙwabta suka tambaya, sai ta ce, "Kallon sama take yi, ana biyan ta." Amma wasan talabijin na yamma, ko girgizar ƙasa ake yi ba ta tashi daga gabansa. Da ta ji sunan 'yarta zai fito a allo, har mai kawo gas sai da ya sha labari.

Ita kuwa Maritza ta yi wa kanta rantsuwa: ko abu guda ne, sai an yi shi daidai a ƙarƙashin sunanta, don ta iya ɗaga kai a gaban abokan aikinta.

Mataki na 2: Karrama ta har ta rasa bakin magana

Ba ta kujera mai sunanta. Ba ta kofi a kofin tangaran, sauran ma'aikata su sha a na roba. Kowace jimla ka buɗe ta da "Dokta" ka rufe ta da "Dokta". Wuya ne mutum ya yi faɗa da wanda ke miƙo masa sukari.

A zaman farko Maritza ta ɗaga hannu ta ce tafiya daga duniya zuwa tauraron Zuhal shekaru take ɗauka.

"Shekaru?" in ji Don Baldomero, ya dafe ƙirji. "Haba Dokta! Kyaftin Soledad cikinta ya tsufa, ranar Juma'a za ta haihu, kuma a can uban ɗan yake. So kike yaron ya isa da gemu?"

Aka yi dariya, ita ma ta murmusa don kunya. Jirgin ya tashi ranar Talata, ya sauka ranar Alhamis.

Mataki na 3: Kada ka taɓa cewa a'a

"A'a" kalmar marasa wayo ce. Ka ce "madalla", ka ce "kai, wannan ilimi ne", ka ce "za mu duba". Sannan ka yi abin da ka ga dama.

Maritza ta bayyana musu cewa inda babu nauyi hawaye ba ya gangarowa, taruwa yake a ido ya zama ƙullutu.

"Madalla, Dokta. Sai dai jarumar nan saboda hawayenta muka ɗauke ta. Ta kumatun hagu kaɗai yake sauka, duk ƙasar nan ba mai iya wannan."

Ta ce saƙo daga Zuhal sai ya haura awa kafin ya iso duniya, don haka ba zai yiwu surukar Kyaftin ta kira daga gida su yi cacar baki ba.

"Wato surukar ta ce 'Ɗan waye?' mu zauna jiran amsa har dare? A tsakani me zan nuna wa mutane, tallar sabulu?"

Ta yi maganar gashin jaruma da ke kwance luf alhali kamata ya yi ya tashi. Nan mai gyaran gashi ta ajiye matajinta ta ce in an taɓa kan nan ita ta bar aiki. Ka lura da wannan hikima: duk gardamar da ba ka son yi da kanka, bar wa mai gyaran gashi.

Mataki na 4: Rataya mata ƙaryar a wuya

Ranar da ka ga ta gaji, tambaye ta kalma mai nauyi. Kada ka faɗi abin da za ka yi da ita.

"Dokta, ba mu sunan wani abu ƙanƙani da ke ratsa komai."

"Nutirino," in ji Maritza, tana neman jakarta.

Mako na gaba, jarumi Renato, wanda ya manta kansa tun da abokin tagwaicinsa ya buga masa spana a ka, aka haska masa nutirino a goshi da tocila mai shuɗin haske. Nan take ya tuna sunansa, da matarsa, da inda aka ɓoye takardun gado. Washegari Don Baldomero ya gaya wa 'yan jarida, "Duk abin da kuka gani, Dokta Oyarzún ta sa hannu."

Allah sarki Maritza! Da ta koma gidan kallon taurari, tana tura ƙofar ɗakin cin abinci wani ya yi "fiiiuuu" da baki, kamar ƙofar jirgin wasan. Shugabanta, Farfesa Valdebenito, bai ko ɗago daga kwanon miyarsa ba.

"Maritza, an ce za ki leƙa Zuhal da yamma. Ki taho mana da burodi kafin shayi ya huce."

Abin ya ci mata rai ƙwarai. Ta shiga bayi ta yi kuka, hawayen kuma ya gangaro ta kumatu biyu.

Mataki na 5: In ta zo ajiye aiki, aika wa uwarta mota

Za ta zo, kada ka yi shakka. Kai dai ka riga ta. Don Baldomero ya aika aka ɗauko Doña Clorinda zuwa wurin ɗaukar wasan, aka zaunar da ita a kujerar Kyaftin, Renato ya durƙusa ya sumbaci hannunta ya kira ta "uwar kimiyya".

Ranar Lahadi uwa da 'ya suna shan shayi da burodi da fiya, takardar barin aiki na cikin jakar Maritza, tsohuwar ta kamo hannunta.

"'Yar nan, yanzu na gane aikinki. Ashe ke kika warkar da Renato!"

"Mama, ba haka ba ne…"

"Ɗaga murya, kin san kunnen."

"Na ce shayin ya yi daɗi, Mama."

Takardar ta koma gida yadda ta zo. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, balle wanda uwarsa ta taya shi ci.

Mataki na 6: Ba ta gaskiya guda ɗaya, wadda ta fi so

Wannan ne matakin da ƙananan daraktoci ke tsoro, shi ya sa suke mutuwa ƙanana.

Ana shirin kashi na ƙarshe, inda igiyar Renato za ta tsinke ya lula cikin duhu jirgi kuma ya tarwatse a bayansa, Maritza ta shigo ofis ba ta ko zauna ba.

"Don Baldomero, babu iska a can. Inda babu iska babu ƙara. Ba fashewa, ba ihu, ba goge. Shiru. Ko a yi haka, ko a cire sunana yau ɗin nan."

Ya dube ta, ya dubi silin, ya shafa gashin baki.

"An gama, Dokta. Shiru ma ai ya fi arha."

Ta fito ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Ta kira Farfesa Valdebenito ta ce ya tara kowa su kalla, yau za su ga abin da ba a saba gani ba.

Mataki na 7: Zauna kusa da waya

Yammacin ranar da aka nuna kashin, Maritza da mahaifiyarta ne su biyu a falon Doña Clorinda, an rufe taga saboda sanyi. Igiya ta tsinke. Renato ya buɗe baki yana kiran Soledad, ba a ji komai ba. Jirgi ya tarwatse, wuta ta cika allo, ko ƙis. Maritza ta riƙe numfashi, tsigar jikinta ta tashi. Abin ya yi kyau fiye da yadda ta zata, kuma shirun ya yi tsawo, don Don Baldomero bai yi rowarsa ba.

A lokacin rabin Santiago na dukan akwatin talabijin da tafin hannu, sauran rabin na kiran gidan talabijin suna zagi. Maritza ba ta san da wannan ba. Ta juya cike da murna za ta ce "Kin gani, Mama?" sai ta ga tsohuwar ta ciro na'urar kunnenta, tana ƙwanƙwasa ta da farce, ta mayar, ta sake cirowa. Ɗaya hannun ya damƙe carbi.

"Ya tafi, 'yar nan," in ji Doña Clorinda da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryar kansa. "Ɗaya kunnen ma ya tafi. Kuma a ranarki! Na so in yi shiru kada in ɓata miki."

Maritza ta durƙusa, ta mayar mata da na'urar, ta sa baki a kunnen.

"Mama! Kina ji na? Kunnenki lafiya lau. Wasan ne ba sauti. Ni na ce a yi haka."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon ta.

"Ke kika ce? To me yaron nan ya yi miki, da za a bar shi ya mutu ko goge babu, kamar kare?"

Wayar Maritza ta yi ƙara. Saƙon Farfesa Valdebenito ne: "Daidai. Kin fitar da mu kunya." Ta karanta, ta share, ta kira Don Baldomero, wanda ke zaune kusa da wayarsa kamar yadda na gaya maka.

"Maimaicin ranar Lahadi," ta ce, "a saka goge."

"Haba Dokta, ai babu iska a can."

"Don Baldomero, a saka goge."

"Fashewar fa?"

"Wadda za ta girgiza kofi a kan tebur."

"Farfesanki zai gani fa, kuma sunanki na nan a allo."

"A ƙara masa girma, Mama ba ta gani sosai."

Ranar Lahadi Renato ya sake mutuwa, da ihu da goge da tsawa. Doña Clorinda ta ƙure sauti, ta yi kuka har ta ƙoshi, tana riƙe da hannun 'yarta. Ranar Litinin aka ci gaba da yi wa Maritza "fiiiuuu" a ƙofar ɗakin cin abinci, kuma har yau ba a daina ba.

Gargaɗi

Mai wannan jagora ba shi da hannu a talabijin ɗin da aka fasa, ko sunan da ya zube, ko na'urar kunnen da aka ƙwanƙwasa har ta lalace. In ka bi matakan nan masaninka ya kai ka kotu, kai ka jiyo, ban san ka ba. In kuma ka yi rashin sa'a ka ɗauko maraya, to ka fara koya wa jarumarka tara hawaye a ido.