Ranar da Kwamiti Ya Gaishe da Baba Almu

Ranar Talata ban buɗe shagon ɗinkina ba sai bayan azahar, kuma ƙafar Baba Almu ce ta jawo. Baba Almu maƙwabcina ne a Ƙofar Kwaya, tsohon magini, rabin katangun unguwarmu aikin hannunsa ne. Tun da ciwon suga ya buɗe masa gyambo a diddige, ni nake goya shi a babur zuwa wata cibiyar kula da dattawa, inda Malama Sabuwa ke wanke masa ciwon sau biyu a mako. Muna isa muka tarar an shafe gidan da fenti har kututturen dalbejiya, motoci masu baƙin gilashi sun tare ƙofa. Mai gadi ya ce in kai babur ɗina bayan gini kada ya ɓata hoto.

Ashe Kwamitin Inganta Kula da Dattawa ne ya sauka, Allah ya ja zamaninsa. Wata shida waɗannan bayin Allah suka yi a wani otal mai sanyi a GRA, unguwar manya, suna nazarin yadda tsoho ke ji a jikinsa, har basira ta kai su ga cewa a tambaye shi. Suka bugo takarda mai fuskoki uku: mai murmushi, mai shiru, mai ɓata rai.

Sabuwa ta ja ni gefe ta ce da wannan takarda za a yanke hukunci. In ta nuna babu matsala, ɗauke ta za a yi a kai inda aka fi buƙata, alhali ita kaɗai ce ta iya gyambo a gidan. Na tsuguna na karanta wa Baba darasi: auduga ta ƙare, bandeji sai an wanke an shanya, ƙafa tana hana shi zuwa masallaci. Ya buga sanda a ƙasa ya ce yau sai sun ji abin da ba su taɓa ji ba.

Sai ga Mai Girma Shugaban Kwamiti, rigarsa ta sha sitaci har tana ƙara. In faɗi gaskiya, mutumin yana da ladabi, har ƙasa ya durƙusa.

"Baba, yaya jiki?"

"Lahiya lau, da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Ana kula da ku kuwa?"

"Wallahi suna ƙoƙari. Allah shi saka maku."

Sakataren kwamiti ya zagaye fuska mai murmushi a takardar, suka wuce. Cikin minti ashirin aka gama da tsofaffi ashirin da uku. Iya Hajo, wadda bayanta ya hana ta miƙewa tun sallar layya, har goro ta ba su.

Duk wanda aka haifa a garin nan ya san tsoho ba ya tarbar baƙo da kuka. Sabuwa ta sani. Zama take yi ta gaishe shi har gaisuwa ta ƙare, ta tambayi jikoki da tsadar gero, sannan ta yi shiru. Can sai tsoho ya gyara murya ya ce sai dai ƙafar nan ce jiya ta ɗan matsa. Wannan zaman rabin awa yake ci, shi kuwa kwamiti yana da liyafa ƙarfe ɗaya.

A hanyar komawa na tsare Baba da tambaya, don raina ya ɓaci sosai. Daga bayana ya ce, "Mutum ya taso tun daga GRA ya durƙusa mani, in tarbe shi da gyambo? Ai jira nike shi zamna."

Ranar Alhamis sakamako ya fito, gamsuwa ɗari bisa ɗari. Aka rataya wa cibiyar takardar yabo a cikin gilashi. Sabuwa kuwa aka tura ta cibiyar Kambarawa, inda aka samu casa'in da takwas bisa ɗari saboda wani dattijo ya yi gyangyaɗi lokacin tambaya. Yanzu da ƙyallen shagona nake ɗaure wa Baba ƙafa, yana cije leɓe yana sa mini albarka, ni kuma na san ban iya ba.

Jiya na ɗauki fushina zuwa ofishin kwamiti, na shirya magana tun daga gida, har na gwada ta a kan matata. Mai Girma ya fito da kansa, ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya tambayi iyali, ya tambayi shago, ya tambayi jikin Baba. Sai na ji bakina yana cewa lafiya lau, ranka ya daɗe, da sauƙi, mun gode. Sakatare yana gefe da takardarsa, ya zagaye murmushi. Sai da na tayar da babur na tuna abin da ya kai ni.

Idan rahoto ya fito kuka ga shafin gamsuwar maƙwabta, kada ku zargi kowa. Wannan murmushin nawa ne.