Jirgin Ƙasan da Ya Shiga Bututu

Ba na jin zan taɓa mantawa da shekarar 1890, duk da ba a gabana aka yi ta ba.

Lokacin ba mu daɗe da zuwa Birmingham daga Kano ba, aka sa ni makaranta a unguwar Handsworth. Kullum ina kujerar baya. Na san mai tauna murfin biro, na san mai ɓoye cingam a ƙarƙashin tebur, amma babu wanda ya san muryata. Kwatsam malamar tarihi ta raba mana shekaru daga tarihin Scotland, kowa zai fito ya yi bayanin tasa. Ni aka ba 1890, shekarar da aka buɗe wata ƙatuwar gadar jirgin ƙasa da ta haɗa ɓangaren Edinburgh da yankin Fife.

Burina ɗaya ne, in gama ba a yi mini dariya ba. Na yi ta bita a gaban Abba yana cewa, "Madalla, Mamana, Turancinki ya fi nawa." (Ashe wannan ba wani yabo ba ne.)

Ranar na fito gaban aji. Na yi bayanin maƙeran da suka gina gadar, da waɗanda suka rasu a wurin aikin. Aji ya yi tsit. Ganin haka sai na saki jiki, na ɗaga murya na ce jirgi ya haye gadar ya shiga "Pipe", wato bututu da Turanci, maimakon "Fife".

Wani yaro ya ɗaga hannu. "Miss, wane irin bututu ne jirgin ƙasa ke shigewa?"

Aji ya kece da dariya. Na ji kamar in nutse. (Sai daga baya na ji cewa malamar 'yar Fife ce. Garinsu na mayar bututu.)

Ita kuwa malama sai ta ɗauki alli. Ta rubuta "loch" a allo, sunan tafki a Scotland, ta ce kowa ya karanta. Duk suka ce "lok".

Ta juyo gare ni. "Ke fa?"

Na fito da shi daga maƙogwaro, yadda muke furta harafin kha a Islamiyya. Malama ta dafe ƙirji. "Rabona da jin an faɗe shi daidai tun ina gida!"

Da aka fita tara, wasu 'yan mata suka zagaye ni in koya musu, muna ta kaki kamar masu mura.

Na dai gane kowane baki da harafin da ke kayar da shi. Har yau "Pipe" suke kirana, ni kuma amsawa nake yi.