Rasuwar Riƙe-Haɓa, Mai Gadin Numfashin Mode

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haɓar da ta koma inda ta fito, ni Mode, mai buɗe ƙofar ruwan noman rani a gefen Goronyo, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan fadama rasuwar aminina Riƙe-Haɓa. Ya cika ranar Talata da hantsi, yana da shekara biyu da wata huɗu a bakina.

Ga wanda bai san marigayin ba, ɗan roba ne garai-garai, wanda wani likitan haƙori a Sakkwato ya auna bakina ya ƙera. In zan kwanta sai in kafa shi a haƙora, ya ce ƙwas, ya turo muƙamuƙin ƙasa gaba kaɗan, don kada harshe ya faɗa baya ya toshe maƙogwaro. Wannan ƙwas ɗin ita ce kaɗai maganar da aka taɓa ji ya yi. Bai da surutu, kuma ya hana ni nawa.

Kafin zuwansa minsharina ya yi suna. Maƙwabcina Gajere ya sha fitowa duba injin ban-ruwansa, a zatonsa wani ne ya tayar masa. Amma ba minsharin ne abin tsoro ba, shirun da ke biyo bayansa ne, domin numfashina kan tsaya cak. Shekara tara matata Kulu tana kwana da kunne ɗaya a buɗe. In ta ji shirun ya yi tsawo sai ta zungure ni da gwiwar hannu, in ja iska kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Ni in wayi gari da ciwon kai, ita da jajayen idanu. Wata rana na buɗe ƙofar ruwa na jingina da bishiyar dogon yaro, farkawar da zan yi na tarar tafarnuwar Gajere tana iyo. Malama Justina ta ɗakin shan maganin garinmu ce ta ja Kulu gefe ta ce, "Wannan ba barci ba ne, ciwo ne. Ku kai shi birni."

Marigayi ba ya cin wuta, ba ya shan mai. Bai taɓa neman komai ba illa a ɗauraye shi da ruwan sanyi. Yana da nasa halin, ba zan ɓoye ba don ya mutu: yakan sa ni dalalar da miyau, da safe kuma sai na yi rabin sa'a kafin goro ya taunu. Amma a zamaninsa ne Kulu ta yi kumatu, har ta fara ba ni labarin mafarki. Ashe da can ba ta samun sukunin yin sa.

Ciwon ajalinsa bai yi tsawo ba. Goggona Hawwa ce ta zo mana kwana biyu daga ruga. Ita kuwa ba ta yarda da wankin da ba a ga tururi ba. Ƙwaryar nononta sai ta sha tafasasshen ruwa sannan ta kife ta a rana. Ina fadama, Kulu ta shiga maƙwabta barka, Goggo ta leƙa kofin da nake ajiye shi ta ga marigayi yana hutawa. Da na dawo ta tarye ni da fara'a.

"Mode, abin ga da kaka sawa baki, ruwan sanyi mi za su yi mai? Na dahe maka shi sarai. Ga shi can bisa kwano shina shan rana."

Na same shi ya nannaɗe kamar busasshiyar kuɓewa. Na gwada shi sau uku. Bai ce ƙwas ba. Na ce, "Sannu da aiki, Goggo," don ba a ɗaga murya ga wadda ta goya ka. Sannan na zaga bayan rumbu na yi ƙwallata.

Marigayi ya bar haƙora ashirin da tara, da kofi ɗaya, da buroshin da yanzu ba shi da aikin yi. Likita ya ce sai an sake awo, magajinsa kuma ba zai iso ba sai bayan mako shida.

Za a rufe shi gobe Alhamis bayan la'asar, a gindin lemon bayan gida, cikin gwangwanin madara. Goggo ta ce ita za ta yi masa wanka, an ba ta haƙuri. Makullin ƙofar ruwa yana hannun Gajere har a gama makoki, shi ma da kansa ya nema.

Masu zuwa gaisuwa su yi sallama a hankali. Ranar da aka yi rasuwar, Kulu ta jawo matashinta kusa da nawa ta ce, "Kwanta abinka, Malam. Ni ad da aikin ga tun ba a ƙera shi ba." Saboda haka in kun tarar da ita tana barci da rana tsaka a kan tabarma, don Allah kada a tashe ta. Ku bar gaisuwar a wurina, zan isar mata, domin ita aka yi wa mutuwar.