Alhaji Rabe da Ƙibar Kifin Teku

Kai, Funtuwa ta yi dacen mutum! Wasu garuruwan sai sun je jami'a neman masanin teku, mu kuwa Allah ya ajiye mana namu a bakin kasuwa, gefen firjinsa na kifin ƙanƙara. Alhaji Rabe ke nan, Farfesan Ƙasan Teku. Ruwa mafi girma da ya taɓa gani shi ne dam ɗin Mairuwa, shi ma ta tagar mota. To, sai me? Ilimi ai baiwa ce.

A karatun Farfesa, kifin teku yana ƙiba da kaka, ya rame da bazara, kamar tumakin gidan kowa. "Duk shekarar da masara ta yi kyau a Malumfashi," in ji shi, yana gyara babbar riga, "kifi ma sai ya yi kitse. Albarkar gonakinmu ce ke gangarawa can ƙasa." Bara da taki ya yi tsada, ya ce shi ya sa kifin sukumbiya ya zo a bushe. Wa zai musa? Inda babu ƙasa, nan ake gardamar kokawa.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya, kujerar shugaban ƙungiyar masu kifi. Tun kafin zaɓe har ya buga kalanda da hotonsa.

Ranar zaɓe da hantsi ya fito da wani ƙaton kifi daga firji, ya ɗora a faranti a tsakiyar fili. "Jama'a, ku dubi ciki! Ku dubi ƙeya! Wannan ɗan kaka ne, ya ƙoshi. Wanda bai iya karanta jikin kifi ba, ina shi ina shugabanci?"

Ya shiga jawabi. Ya bi shekarun fari ɗaya bayan ɗaya, ya bi na damina mai albarka. Rana ta take, Farfesa bai gama gabatarwa ba. Ashe ƙibar duk ƙanƙara ce. Faranti ya cika da ruwa, kifi ya koma kamar silifa.

Inna Tsohuwa, wadda ta shekara talatin tana suyar kifi, ta leƙa farantin ta tafa hannu. "Oh ni! Alhaji, taƙaita mana. Bazara ta shigo kana cikin magana."

Da aka ce masu son Alhaji Rabe su ɗaga hannu, hannu ɗaya ya tashi. Nasa ne, yana ɗigar ruwan kifi.